Hassanar Yaya Sahabi da Shuuu ɗin Rediyo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sahabi, mai gyaran rediyo a kasuwar Anka. Allah Ya jiƙan sa, mutum ne mai taurin kai, kuma na yi kewar taurin kan nan.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. In ya gama gyara, sai ya murɗa rediyo tsakanin tasha da tasha, ya zauna yana sauraron shuuu. Na ce, "Yaya, mi kake saurare?" Ya ce wani ɓangaren ƙarar daga can sama yake zuwa. Muka yi ta yi masa dariya a rumfa.

'Yarsa Hassana tana goye aka yi bala'in gubar dalma a Bagega, garin mahaifiyarta. Ta rayu, amma magana ta yi mata nauyi, karatu ma haka. Innarmu ta sha cewa a cire ta daga makaranta, wahalar ta isa. Sahabi ya kafe. "Ɗiyata ba ta da sauri, amma ba ta tsallake abu." Bayan rasuwarsa rigimar ta dawo kaina, kuma wallahi sau biyu na kusa sallamawa.

Bara malaminsu ya nuna musu wani aiki a waya. Ashe masana sun kakkafa manyan farantan ƙarfe masu kama siginar rediyo daga tarin taurari masu nisan gaske, suna mayar da ita hotuna. Hotunan sun yi musu yawa, sai suka nemi 'yan sa-kai su taya su dubawa. 'Yan ajinsu suka yi ta wucewa fuu. Hassana ta tsaya kan guda ɗaya kwana uku, ta ce wannan zagayayye ne kamar zobe, bai yi kama da sauran ba. Aka aika wa masanan, bayan wata biyu amsa ta zo: sun gode, irinsa ba shi da yawa, za su sake auna wurin. Sannu ba ta hana zuwa.

Da Sahabi na nan, da kasuwar Anka ba ta zaunu ba don gori. Ni kuwa kuka na yi.

Ranar na kakkaɓe tsohon rediyonsa na kunna. Ya faɗa kan shuuu, na kai hannu zan murɗa. Inna ta riƙe hannuna.

"Bar shi nan," in ji ta. "Ke Hassana, yaushe za a koma makaranta?"