Sukarin da Ya Ɓuya

Akwai wata Laraba da har yau ban manta da ita ba a shekarun da na yi ina aiki a kamfanin alewa a Bompai. Ku da kuka zo daga baya kun tarar ana cewa "ya ɓuya" da "ya saki jiki" a ɗakin girki, kuna ta faɗa ba ku san asalinsu ba. To, a ranar ce waɗannan kalmomi suka kama hanyar shiga littafin koyar da sababbin ma'aikata, kuma a ranar ce na gane na tafka kuskure.

Lokacin ni ne sufabaiza na aikin safe, daga bakwai zuwa uku. Sama da ni akwai manaja, wanda kowa ke kira Alhaji, ƙasa da ni kuma masu girki da masu naɗi da masu ɗaukar kaya. Ga wanda bai san aikin ba, alewa ba ta da wani sirri mai zurfi. Ana zuba sukari a ruwa a juya har a daina ganinsa, a dafa har ruwan ya tashi ya bar abu mai kauri, a sa launi da ƙanshi, a juye a teburin ƙarfe ya huce, sannan inji ya yayyanka ya naɗe a leda. Wuyar tana wajen girkin. In ka sauke da wuri alewa ta yi danƙo ta manne a haƙori, in ka yi latti ta ƙone ta yi ɗaci.

Babban mai girkinmu shi ne Baba Ilu, mutumin Ringim, wanda ke zuwa daga Dakata a kan wani tsohon keke da kowa ya san kukansa. Na tarar da shi a kamfanin, kuma shi ya fara nuna mini inda ake tsayawa don kada tururi ya dafa wa mutum fuska. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya. Da jin sautin tafasar tukunya yake sanin lokacin saukewa ya yi, kuma ban taɓa ganin ya ƙona girki ba.

A wannan shekarar aka kawo sabon injin girki mai allon kwamfuta. Hukumar kamfani ta ce duk wanda zai tsaya a kansa sai yana da takardar sakandare, kuma kowane sufabaiza ya miƙa sunayen waɗanda za a sallama a ƙarshen wata. Ranar Litinin na zauna na rubuta sunan Baba Ilu a sama, na sa hannu, na bai wa masinja ya kai ofis. Na ce wa kaina doka ce, ba ni na kafa ta ba. Amma tun daga ranar, in na hango kekensa a bakin ƙofa sai in tuna ina da aiki a sito. Kunya nake ji, gaskiyar magana ke nan.

Ana cikin haka wata malamar firamare a nan Nassarawa, Malama Rahila, ta rubuto tana roƙon a bar 'yan aji shida su zo su ga yadda ake alewa, saboda darasin kimiyya da jarrabawar shiga sakandare da ke gabansu. Alhaji ba ya son baƙi a ɗakin girki, yara kuwa ko kusa. Da ƙyar ya amince.

"Awa ɗaya, Sabi'u," ya ce mini. "Kada su ƙetare jan layi, kada su taɓa komai. Ka haɗa su da Injiniya ya yi musu bayani su tafi."

Injiniya Kamal shi ne matashin da aka ɗauka don sabon injin. Yana da ilimi da ladabi, sai dai in ya fara bayani Turanci ke zubowa, ko da mai shara yake magana.

Suka iso ranar Laraba da ƙarfe goma. Muka sa musu hula da takunkumi, muka jera su bayan jan layin da ke nesa da tukwane. Kamal ya tsaya gaban injinsa ya fara. Ya yi kusan minti ashirin yana magana, duk inda ya numfasa ya ce, "Kun gane?" su kuma su amsa baki ɗaya, "Eh, Malam." Ni da na haifi yara na san irin wannan "eh" ɗin. Idanunsu na kan kwalin alewar da muka ajiye musu a gefe.

Sai wata yarinya siririya, Nafisa, ta ɗaga hannu.

"Malam, da Hausa zan tambaya. Kun ce sukari ya narke a ruwa. To, ina ya tafi?"

Kamal ya ce bai tafi ko'ina ba, narkewa ya yi.

"Ƙanƙara ma ai narkewa take yi," in ji ta. "Amma ita in ta narke muna ganin ruwanta. Shi kuma sukarin ba ma ganin komai. Ke nan shi ya ƙare?"

Kamal ya buɗe baki ya ce ai wannan daban wancan daban. Ya nemi yadda zai faɗi bambancin da Hausa, sai ya tarar duka biyun "narkewa" zai ce. Ya koma Turanci, yaran suka koma kallon kwali.

Malama Rahila ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Oga, abin da ya kawo mu ke nan. A littafi kalma biyu ce, melting da dissolving. In na fassara musu, duka narkewa ne. Sun haddace, amma in aka juya tambaya sai su ruɗe. Mako uku ina fama da wannan."

Baba Ilu yana can gefe yana goge ludayinsa, ashe duk yana ji. Ya tako har inda nake, ya ce, "Sufa, in an yarda, in ɗan sa baki."

Saura kaɗan in ce a'a. Na yi tunanin me mutumin da bai san ko harafi ɗaya na boko ba zai ƙara a kan injiniya, kuma ina tsoron kada yara su yi masa dariya a makonsa na kusa da ƙarshe. Amma ban iya kallon idonsa na hana shi ba, sai na ce, "Bismillah, Baba."

Bai yi dogon jawabi ba. Ya jawo ƙaramin tebur kusa da layin, ya ɗora sikelin da muke auna launi da shi, da ƙaramin murhun gas na gwaji. Ya ɗora kofin gilashi da ruwa a kan sikelin, ya ajiye ƙullin sukari a gefen kofin, duk a kai.

"Ke 'yar nan mai tambaya, ni ban iya karatunku ba. Karanta mana abin da sikeli ya ce."

Nafisa ta leƙa ta karanta da ƙarfi. Ya kwance ƙullin ya juye sukarin a ruwa, ya mayar da ledar kan sikeli, ya juya da cokali har ruwan ya koma garau, ya zare cokalin.

"Ina sukari?"

"Ya narke," suka ce.

"Ya ƙare ke nan?"

Wasu suka ce eh.

"To, sake karantawa."

Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Bai canja ba."

"In da ya ƙare, ai da nauyinsa ya tafi da shi. Yana nan. Ɓuya ya yi a cikin ruwa. Ya rarrabu ƙanana-ƙanana har ido ya kasa ganinsa, amma sikeli bai manta da shi ba, harshe ma bai manta ba. Mu a nan ba ma cewa ya narke, cewa muke ya ɓuya."

Wani yaro daga baya ya ce, "Baba, in ɓuya ya yi, a fito da shi mu gani."

Baba Ilu ya yi dariya, ya ce dama aikinsa ke nan tun kafin a haifi iyayensu. Ya zuba kaɗan daga ruwan a ƙaramar tukunya ya ɗora a wuta. Da tururi ya fara tashi, ya kifa murfi mai sanyi a samansa, ɗigon ruwa ya taru a jiki. Ya miƙa wa Malama Rahila ta ɗanɗana, ta ce babu zaƙi ko kaɗan. Ruwa ne kawai ya tashi, ya bar wanda ya ɓuya a cikinsa. Can ruwan ya ƙafe, sai ga abu mai danƙo yana ƙyalli a gindin tukunya. Da ya huce ya lakato a tsinke ya bai wa mai ƙalubalen, yaron ya lasa ya gyaɗa kai, sauran suka fashe da dariya.

Sannan ya ɗebi busasshen sukari a cokalin ƙarfe ya riƙe a kan wuta.

"Wannan na sa masa ruwa?"

"A'a."

Suna kallo sukarin ya jiƙe da kansa, ya fara malala, ya soma yin ja.

"Wannan bai ɓuya a cikin kowa ba, ga shi kuna ganinsa. Zafi ne ya sa ya saki jiki. Haka ƙanƙara take yi, haka man shanu yake yi a rana. Mai ɓuya sai ya sami ruwan da zai shiga. Mai sakin jiki kuwa zafi kaɗai yake nema, in ya huce ya sake daskarewa."

Malama Rahila ba ta bari ya wuce ba. Ta fara jefo tambayoyi: gishiri a miya? Suka ce ya ɓuya. Kyandir da aka kunna? Ya saki jiki. Kanwa a ruwa? Ta ɓuya. Sai ta faɗi kalmomin littafin na Turanci, suka haɗa kowace da tata, babu wanda ya yi tuntuɓe. Na ga ta juya baya tana gyara gilashinta, na san ba gilashin ne ya dame ta ba.

Kamal ya tambayi Baba inda ya samo kalmomin. Baba ya ce shekarun baya ya taɓa ce wa wani sabon ma'aikaci ya je ya narkar da sukari, mutumin ya zuba buhu guda a busasshiyar tukunya ya kunna wuta, aka wuni ana kankare baƙin ƙanzo. Tun daga nan ya daina cewa "narke" a ɗakin girki. Shekara da shekaru ina jin yana faɗin waɗannan kalmomi, na ɗauka maganar ƙauye ce kawai.

Da na waiwaya sai na ga Alhaji tsaye a bakin ƙofa. Awa ɗaya ta wuce tuni, ya sauko ne ya sallami baƙi, amma ya tsaya yana kallo har aka raba alewa yara suka fita.

Bayan sallar azahar na hau ofishin Alhaji.

"Ranka ya daɗe, takardar da na aiko ranar Litinin, ina roƙo a ba ni in gyara. Akwai sunan da bai kamata in sa ba."

"Doka ta ce sai mai karanta allon inji, Sabi'u. Ilu zai iya?"

"Ba zai iya ba. Amma masu karanta allon su ma sai an koya musu abin da ke faruwa a cikin tukunya, kuma kun ga wanda ya iya koyarwa. A bar matasa a kan allo, a ba shi horar da sababbi."

Alhaji ya aika aka kira Kamal. Na zaci zai kare mutuncin digirinsa, sai ya buɗe ɗan littafinsa ya nuna wa Alhaji inda ya rubuta kalmomin Baba guda biyu. Ya ce shi ma yana buƙatarsa kusa da injin, domin allo lamba kawai yake bayarwa.

Alhaji ya ce zai kai maganar gaban hukuma da bakinsa. Ya zaro takardar ya miƙo mini, na soke sunan a gabansa. Kafin ƙarshen wata amsa ta zo, an amince.

Da aka tashi aiki a wannan Larabar na sami Baba Ilu yana kwance kekensa. Na ce ina da maganar da take ta cina. Na faɗa masa duk abin da na yi, na nemi gafara.

"Ai na sani tun Litinin, Sufa," ya ce. "Masinja ɗan unguwarmu ne."

"Kun sani, kuma kuka yi ta gaishe ni kamar babu komai?"

"To, me zan ce maka? Aikinka ka yi. Da na ga yaran nan, sai na ce tunda tafiya zan yi, bari in bar musu ɗan abin da na sani, kada in koma Ringim da shi."

Na riƙe masa keken har ya gama ɗaure ledar kayansa.

Baba Ilu ya ƙara shekara huɗu yana horar da ma'aikata kafin ya ajiye aiki da kansa, kuma kowace shekara Malama Rahila na kawo sabon aji shida. Wasunku a hannunsa kuka koyi girki. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, a irin aikinmu ilimin mutane da yawa ɓuya yake yi a cikin aikin hannunsu, ba ya fitowa a takarda. Ni kuma da aka ba ni alƙalami, na duba ban gani ba sai na rubuta cewa babu. Don haka duk wanda ya zama sufabaiza a cikinku, ranar da aka ce ya kawo sunaye, ya sauka ɗakin girki ya auna mutumin tukuna kafin ya sa hannu.