Ni da Yaya Usman a Tekun Lis

Daga Sharafiyya

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Sharafiyya, unguwarmu a Jidda, a tsohuwar motata, ni da yayana Usman. Saura mako guda ya hau jirgin ruwa zuwa Sawakin, a tsallaken teku, tafiyar da babu dawowa, domin kafilinsa, wanda ya tsaya masa yake zaune a ƙasar, ya rufe shago, shekaru kuma sun ja. Da na tambaye shi abin da yake so kafin ya tafi, na zaci Madina zai ce. Sai ya ce, "Madina na riga na yi sallama. Kifin Baba nake son gani."

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a kwalekwalen masunta ya yi aiki. In ya dawo gida a unguwar Hindawiyya yakan zauna a tabarma ya ba mu labarin wani kifi mai tsawon bas, bayansa da ɗigo-ɗigo fari, ba ya cizon kowa. Mu kuwa mu yi ta ƙyalƙyala dariya, muna cewa Baba ya ƙara gishiri. Yau babu Baba, babu gidan, unguwar ma an rushe ta.

Hanya

Daga Jidda zuwa Lis kudu ake yi, teku a dama, yashi a hagu. A shingen bincike askari ya duba iƙamarmu, takardar izinin zama, ya tambayi inda muka nufa. Yaya ya ce, "Wajen ƙirish," sunan da Larabawa ke kiran irin kifin. Mutumin ya dubi furfurarmu, ya ce, "Allah ya tsare ƙirish ɗin." Mun tsaya wani gidan mai muka ci ful da tamis mai zafi, wato wake da gurasa. Yaya ya ce ful ɗin bai kai na Bayamanen kusurwar layinmu na dā ba. Ni ma na san bai kai ba.

Bakin ruwa

Da hantsi muka shiga wani ƙaramin jirgin ruwa a Lis, mu takwas da jagoranmu Salim, wani Bajidde da rana ta ƙona. Ya raba mana gilashin ruwa da bututun numfashi da takalman iyo. Ya ce kada kowa ya taɓa kifin, kada a kusanci jelarsa. Sannan ya dubi gashin bakina, ya miƙo mini kwalbar basilin.

"Ya ammi, baffana, shafa wannan a gashin. In ba haka ba gilashin ba zai kama fata ba, ruwa zai shiga."

A nan na yi laifina, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na ce masa ni da jikoki ba za a shafa mini basilin kamar jariri ba, kuma na iya ruwa tun ba a haife shi ba. Yaya ya ce, "Kai Sani, wane ruwa? Ba ni nake goya ka in mun je bakin teku ba?" Shi ya karɓa ya shafa. Aka yi dariya, ni kuwa na ƙara ƙi. Rigar ceto ma da ƙyar na sa.

Cikin teku

Mun daɗe muna yawo ba mu ga komai ba sai shuɗi. Can wajen azahar Salim ya miƙe ya nuna wata inuwa a ƙarƙashin ruwa. "Yalla, a hankali!"

Muka sauka. Na sa fuskata a ruwa, na ga wani baki mai faɗin ƙofa yana tahowa ba gaggawa. Shi ke nan abin da na gani. Ruwan gishiri ya cika gilashin, ya shiga hancina, na saki bututun na fara bugun ruwa ina kiran Yaya. Shi yana gabana, ya kusa isa gefen kifin. Ya juyo. Ya kama wuyan rigata ya ja ni har jikin jirgi, yana haki yana cewa, "Riƙe tsani, ɗan banza, riƙe." Kafin ya koma, kifin ya nutse.

Salim ya ce wani lokaci yakan dawo, wani lokaci kuma sai baɗi. Yaya ba shi da baɗi a nan. Bai zage ni ba, ya zauna yana goge gilashinsa. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Har mai jirgi ya fara maganar komawa, sai inuwar ta sake tasowa. Salim ya miƙo mini kwalbar. Na ce a'a, wannan karon ba don girman kai ba. Na ce, "Yaya, je ka. Ina nan a zaune, ba na motsi."

Daga cikin jirgi na ga bayansa yana bin kifin, shi ɗan mitsitsi, kifin kamar an shimfiɗa darduma mai taurari a ƙarƙashinsa. Tun muna yara ban taɓa ganin ya shiga ruwa bai waiwayo ya neme ni ba sai ranar. Da ya hawo, ya cire gilashin, ya zauna kusa da ni.

Komawa

Mun ci sayadiyya a Lis, shinkafa da soyayyen kifi, muka kama hanya da la'asar sakaliya. A mota na roƙe shi gafara. Ya ce, "Halas, na yafe. Amma ba kyauta na ja ka ba. Ranar tafiya kai za ka ɗauki akwatunana."

Mun iso gida ana kiran isha, lafiya lau, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya saka wa Salim da alheri, shi da bai rama mini magana ba. Akwatunan kuwa na ɗauka, har inda masu gadin tashar jirgi suka ce in tsaya.