Ranar da Na Ga Bakin Surukina

Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani malamin Ingilishin nan ba, kuma har yau ban huce ba.

Lokacin ne farashin yuraniyom ya faɗi. Kamfani ya sallame mu, mu makanikan gareji, manyan motoci suka tsaya a jere tayoyinsu na sacewa. Fari kuma ya koro mutanen daji cikin Arlit, suka kafa bukkokin kwali da langalanga a bayan gari. Cikinsu har da surukina, uban matata, Buzu mutumin Ayar. Raƙumansa sun mutu kakaf, ya iso da butar shayi da takobi kawai. Tuwon gidan 'yarsa ba ya wuce masa maƙogwaro. Aiki yake so, ko da gadi ne.

Sai magana ta cika gari wai wani sabon kamfanin haƙa zai zo, kuma su ba ruwansu da Faransanci, ko maigadi sai mai jin Ingilishi. Nan take wani ɗan tireda da shagonsa ya mutu kamar na kowa ya shafa wa ƙofar tsohon firij baƙin fenti, ya jingina ta a bango a matsayin allo, ya zama mushe, kamar yadda muke kiran malamin boko.

Na je. Ina shiga na tarar da surukina zaune a layin gaba. Ya kau da kai, na kau da kai, na ƙule a lungu.

Abin da mushen ya sani bai cika cokali ba. Kullum kalmomi shida ne a jere, gindinsu ɗaya, kai kawai ake canjawa. Cat, kyanwa. Rat, kusu. Bat, jemage. Hat, malfa. Mat, tabarma. Fat, ƙiba. Ƙiba fa! A garin da ake ƙirga haƙarƙarin akuya daga nesa. Magidanta masu furfura muna ta rerawa kamar 'yan lakkol, yaran makarantar boko, yana buga sanda a ƙofar firij.

Dattijon Buzu ba ya sauke amawali, wannan ɓangaren rawani da ke rufe baki. A gaban mijin 'yarsa ma ƙara ja yake yi har kan hanci. Tun da na yi aure ban taɓa ganin bakinsa ba. Ko shayi zai sha, ta ƙarƙashin rawani yake shigar da kofin. Mushen ya san haka sarai, shekara da shekaru yana sayar wa Buzaye da sukari.

Wata rana ya tsaya a kansa ya ce, "Baba, Ingilishi da leɓe ake yin sa. Sauke ƙyallen nan in ga bakinka."

Wani direba ya ce, "Haba mushe, ga fa surukinsa can zaune."

"To sai me? Da tawayen nan da Buzaye ke yi, wane Bature zai ba mai rufaffiyar fuska gadin ƙofarsa? In ba ya son aiki ya tashi."

Surukina ya ce a hankali, da Hausarsa ta Buzaye, "Ni yana son aiki."

Na miƙe in fita, in rage masa nauyi. Shagon ya cika, ina tsallake ƙafafun mutane, ban kai ƙofa ba ya sa yatsu biyu ya ja amawalin ƙasa. Na gani. Haɓa fara wadda rana ba ta sani ba, giɓi a haƙoran ƙasa.

Mushen ya nuna allo. Surukina ya ce, "Rat."

"Ma'ana?"

"Kusu."

"Yauwa! Ka ga yanzu ka fara zama mutum."

Da direban bai riƙe ni ba, da na fasa masa kai da ƙofar firijinsa.

Kamfanin bai zo ba. Aka tare hanyar Agadas, mota ba ta wucewa sai da rakiyar soja, kuma a irin ayarin nan mushen ya sulale ya bar gari.

Surukina bai ce na yi masa laifi ba, don ban yi ba. Amma bai sake taka ƙofar gidana ba. In na je gaishe shi, daga cikin bukka yake amsawa, ni ina tsaye a rana. Da damina ta kewayo ya bi wasu danginsa ya koma daji, ba shi da ko akuya. Matata ta tambaye ni abin da ya haɗa ni da ubanta har ya tafi bai yi mini sallama ba. Na ce mata ban sani ba. Da a ce na faɗa mata, da ita ma ta ga abin da na gani ke nan.