Dinyoyin Baba

Wata ranar Juma'a, a damunar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a Zamfara, aka kama mahaifinmu a kan katangar gidansa a Kaura Namoda, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, babbar rigarsa ta maƙale a indararo. Wata maƙwabciya ce ta hango mutum bisa katanga ta kwarara ihun ɓarawo. Lokacin kuwa kowa a tsorace yake da zancen yanke hannu, kafin ka ce kwabo lungu ya cika da samari da sanduna. Baba, mutumin da ko dariya ba ya yi da ƙarfi, yana ta faɗin, "Ni na, jama'a, ni na!" Ina da shekara tara, kuma Allah ya yafe mini, har ƙasa na zauna don dariya.

Tushen abin ƙwai ne. Baba ya je kasuwar Shinkafi sayar da gero ya dawo da ƙwan dinya, babbar agwagwar nan mai dogon wuya, guda huɗu, kowanne ya cika tafin hannu. Bai tashi neman mai kwanci ba sai kazata, wadda na samu da guminna wajen tsinkar wake. Aka kwashe nata ƙwai aka jera mata waɗannan duwatsu. Har yau abin yana yi mini ciwo. Ita ma ba sakarya ba ce: da lokacin ƙyanƙyasar kaji ya wuce ba ta ji motsi ba, ta karkaɗe jiki ta kama gabanta. Innarmu ta ce a soya a huta. Baba ya ce atafau. Ya cika ƙwarya da ƙaiƙayi da auduga, ya kai ta turakarsa kusa da fitila, safe da yamma yana juya ƙwan, yana yayyafa musu ruwan ɗumi. Mu yara ko tari muka yi a ƙofar sai an harare mu.

Uku suka fito, jiƙe-jiƙe, kuma gemun Baba suka fara gani a duniya. Shi ke nan, ya zama uwa. In ya nufi gona suna biye a jere, in ya kewaya bayan gida su tsaya a bakin zana suna kuka. Tun suna 'yan mitsi-mitsi abin na ba mutane sha'awa. Da suka yi wuya da murya, suka fara bin sa masallaci suna ɓata tabarmi, liman ya ja shi gefe ya ce, "Malam, ko dai kai, ko ɗiyanka." In an kulle su, da sun ga ya nufi zaure sai su tayar da unguwa. Dalilin da ya sa dattijo ya koma fita ta katanga ke nan, muna jan hankalinsu da dusa.

Bayan abin kunyar nan Inna ta wasa wuƙa ta ajiye masa. Ya daɗe yana kallon wuƙar, sannan ya ce ba ya iya yanka abin da ke ganinsa uwa. Washegari ya sa su a kwando bayan keke ya kai wa wani abokinsa Bafillace a Ɗan Isa. Ranar bai ci tuwo ba. Daga nan duk mako sai ya ce za shi duba gona a Ɗan Isa, alhali ko taki ɗaya ba mu da shi a can.

Yanzu 'ya'yana injin ƙyanƙyasa mai aiki da hasken rana suke zuba wa ƙwai, tsaki su fito ba su san fuskar kowa ba, ba mai kewar wani. Ban taɓa tambayar Baba ko dinyoyin suna gane shi in ya je ba. Yau kuwa ina son sani, babu wanda zan tambaya.