Ranar da Cikin Ɗana Ya Yi Ƙara

Surukata tana da wani zoben azurfa, tsoho, har ya yi baƙi. Kakanta ne ya kawo shi tsaraba daga Makka, tun zamanin da ake tafiya a ƙasa. A cikin ƙaramin kumbo take ajiye shi, ƙarƙashin gado, ba ta bari kowa ya taɓa.

Lokacin muna zaune da ita a unguwar Kagarawal. Ɗana na fari ya fara rarrafe, haƙori na damunsa, duk abin da ya samu sai baki. A gidan kuwa uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari. Ko faɗuwa ya yi gaban Inna, surukar tawa, sai in kau da kai in ci gaba da tsince shinkafa.

Wata Lahadi da safe Inna ta yi masa wanka, ta shirya shi, ta tafi suna unguwar Shamaki. Ina shara na leƙa ɗakinta. Ga kumbo a buɗe, ba zobe. Ga yaro zaune kusa da shi yana zubar da yawu, yana haɗiyar wani abu.

Na sa yatsa a bakinsa, ya cije ni. Na kife shi na jijjiga, ya yi dariya. Dariyar ce ma ta fi tsorata ni. Asibiti kuwa ba zan iya zuwa ba sai an tambayi Inna, kuma da wane baki zan ce mata hankalina ya tashi a kan ɗan fari?

Sai na tuna maƙwabcinmu, wani dattijo Batangale da ke tsaron ƙofar cocinsu ran Lahadi. Yana riƙe da na'urar nan mai kama da muciya, wadda ake shafa wa mutum, in akwai ƙarfe a jikinsa ta yi ƙara. Na goya yaro, na zura hijabi, na fita da gudu, takalmi ma wari-wari na saka.

Mutane suna layin shiga, sai ga mace a guje da ƙunshi a baya. Layi ya watse, sun ɗauka bam na goyo. Wata mata har ta yar da jakarta.

"Baba, ni ce!" na ce. "Don Allah shafa mini yaron nan, ya haɗiye Makka!"

"Ya haɗiye me?"

"Zoben Inna!"

"'Yata, wannan abin ba likita ba ne."

"Kai dai shafa."

Ya shafa kai, shiru. Ya shafa ƙirji, shiru. Yana kawowa cibiya, abin ya ɗauki ƙara. Na zube a ƙasa ina salati. Matan da suka gudu suka dawo suka kewaye mu, wata ta ce a ba shi manja, wata ta ce ayaba. Yaro kuwa sai kai hannu yake zai cafke na'urar ya kai baki.

Baba ya ce, "Ɗaga rigar tukuna."

Na ɗaga. Ga baƙin zare ɗaure a ƙugunsa, ga zobe yana lilo a kan cibiya. Ashe Inna ce ta ɗaura masa bayan wanka, wai don haƙori ya fito da sauƙi.

Kafin la'asar labari ya kai Shamaki. Inna ta dawo ta same ni ina tsince shinkafa, fuskata kamar ba abin da ya faru. Ta ɗauki jikanta tana yi masa rawa.

"Maigidana, an ce yau har coci ka je? Wa ya kai ka? Ai ba dai wannan ba, ita da ba ruwanta da kai."

Na sunkuyar da kai, kamar in nutse a faranti. Can ta miƙo mini shi, a gabanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ungo, riƙe abinki. Amma gobe in za ki gudu, ki duba takalminki."