Makullin da Ban Gwada Ba

Shekarar da na yi haihuwar fari ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Matameye. Mu biyar ne ma'aikatan, kuma ni kaɗai na san kan ordinater ɗin, wato kwamfutar da ke sakin shirye-shirye. Kowace Asabar nake jera mata na mako guda, ita kuma ta riƙa sakinsu a kan lokaci.

Da cikina ya tsufa, Inna ta aiko cewa a gida Tsauni zan yi wankan jego. Darakta ya damu, ya ce wa zai riƙe na'urar kwana arba'in? Na ce ya kwantar da hankalinsa, daga ɗakin Inna zan riƙa shiga cikinta da ƙaramar ordinater tawa, in dai akwai rezo, wato sabis na waya.

Abin da na shirya ba wuya gare shi ba. Ana ƙera makulli biyu ne na rubutu. Ɗaya na sirri, yana zama a na'urata. Ɗayan dogon layi ne na haruffa, ana ajiye shi a ta gidan rediyo. In suka gane juna ƙofa ta buɗe, ba sai an buga kalmar sirri ba. Na kwafi layin na ajiye, sannan na rufe hanyar shiga da kalmar sirri daga nesa gaba ɗaya, don kada wani ya yi ta canka har ya dace. Saura in gwada. Ina miƙa hannu na ji marata ta murɗa. Na ce bari in ɗan huta in dawo. Kafin la'asar ina ɗakin haihuwa.

Kwana uku da komawata Tsauni na buɗe na'urar a kan gado, jaririyar tana barci a gefena. Na nemi shiga, aka ce ba a san makullina ba. Na sake, haka. Na fita tsakar gida ko rezo ne, Inna ta biyo ni da faɗa wai iska za ta shige ni. Ba rezo ba ne. Ta gidan rediyon tana ji na sarai, ƙin buɗewa take yi, kuma ɗaya ƙofar ni na toshe ta da hannuna.

Asabar ta wuce ba wanda ya jera sabon mako, sai na'urar ta koma kan tsohon. Inna tana da rediyo a rataye a bakin madafa. Ina zaune ina shan kunun kanwa na ji muryata tana cewa mata su kai yara rigakafi ranar Laraba, Larabar da ta riga ta wuce. Daga baya aka gaya mini wasu mata sun taso tun daga ƙauyukan Icirnawa da goyo, suka tarar ba kowa.

Na kira Alhaji, dattijon da ke karanta mana sanarwa. A shekaru ya haife ni, kuma a rayuwarsa bai taɓa danna ordinater ba. Na ce ya zauna gabanta in riƙa faɗa masa abin da zai buga, mu buɗe hanyar kalmar sirrin.

"To ɗiyata, ga ni na zauna. Amma ki bi ni a hankali."

Na faɗa masa sunan shiga harafi-harafi. Ya ce ya danna A, Q ta fito. Sai a lokacin na tuna. Wani ɗan kasuwa ne ya sayo mana madannan daga Kano, haruffan da ke jikinsu jerin Ingilishi ne, na'urar kuwa na saita ta a jerin Faransanci. Ni yatsuna sun saba, ba na dubawa. Na ce in yana son A ya danna Q, in yana son M ya danna na kusa da L.

"Wato in bar abin da idona ke gani?"

"E, Baba."

Muka kai ga kalmar sirri. Ya ce yana bugawa ba abin da ke fitowa. Na ce haka take, ba ta nunawa, ya ci gaba kawai. Ya ce to ta yaya zai san in ya yi kuskure? Sau huɗu tana mayar da shi. Ana cikin na biyar Inna ta leƙo ta ce ruwa ya tafasa, ba zai jira ni ba. Jaririyar ma ta farka. Alhaji ya ji kukanta ta waya, ya ce, "Je ki, ɗiyata. Wallahi na yi iya yina." Ya faɗi haka kamar shi ne mai laifin.

Washegari muka sake, da jibi. Rana ta uku aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, muna tsakiya. Na roƙi Inna ta bar ni in je Matameye in dawo kafin azahar. Ta dube ni ta ce, "Da ɗanyen jiki za ki hau babur? Ba a gidan nan ba." Maigidana yana Kano wajen aikin rani, na kira shi ko zai sa baki, ya ce maganar Inna ita ce magana. Na nemi a kawo mini na'urar gidan rediyon, darakta ya ce ba wanda ya san yadda zai mayar da wayoyinta in an cire.

Ƙarshe ya kashe ta. Suka koma magana kai tsaye, awa biyu da safe, biyu da yamma. Sauran yinin rediyon Inna shuuu kawai take yi. Nakan zauna da na'urata a cinya in sake gwadawa, alhali na san amsar. Wata rana Inna ta same ni ina hawaye, ta karɓe na'urar ta sa a ƙarƙashin gadonta. Ban yi musu ba.

Bayan arba'in na koma da goyo a bayana. Na buɗe wurin da na ajiye layin, na ga haruffan ƙarshe ba su kwafu ba. Na sake kwafa, na gwada da na'urata daga kujerar da ke gefe, ta buɗe nan take. Alhaji yana tsaye a kaina, ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya jinjina kai, ya miƙo hannu ya ce in kwanto masa jikarsa ya gani.