Yadda Karatun Ikko Ya Raba Ni Da Abokina Yana Raye

Edita, ina roƙon fili a wannan shafi naku in faɗi abin da ya daɗe yana cin raina. Yanzu na tsufa, ido ya yi rauni, amma a lokacin da abin ya faru saurayi ne ni ɗan ƙauye, daga wani gari kusa da Godogodo, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. Mahaifina manomin acca da citta ne, kuma dattijo a majami'armu. Kowace kaka, in an kwashe amfani, wani Bafulatani yakan sauka da shanunsa a gonarmu su zuba mana taki har faɗuwar ruwa. Ɗansa sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa, a bakinsa na tsinci ɗan Fillancin da nake ji. Da aka matsa wa ardonsu ya ba da yaro a makaranta, shi aka bayar, uban yana ƙi. Allah kuwa ya ba shi kai, ya fi ni nesa ba kusa ba. Da muka gama, mu biyu aka zaɓa mu tafi Ikko, wato Legas, koyon aikin buga waya ta talgiram.

Ranar da muka shiga jirgin ƙasa a tashar Kafanchan, ubansa ya kama hannuna ya ɗora a kan na ɗansa, ya ce ni ne uwa ni ne uba a can. Na amsa da ƙarfi, don ban san abin da nake amsawa ba. Ikko ta tare mu da zafi mai ɗanko, da ruwan da ba a ganin ƙarshensa, da mutane kamar an fasa gidan tururuwa. Aka ba mu ɗaki a wani gidan haya mai cike da jama'a, inda in ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu. Ni na saba da manja tun a gida, amma shi abincin ya ƙi cikinsa, sai ya jiƙa gari da ruwa ya sha, yana zancen kindirmon innarsa. A aji ana yi mana dariyar yadda muke furta Turanci. In mun je unguwar Hausawa neman waɗanda za mu ji daɗin hira da su, shi a ce masa ɗan boko mai gajeren wando, ni kuma da an ji sunana sai hirar ta yi sanyi. Ba mu da kowa sai juna.

Shi kuwa ya sa wa ransa ba zai koma ruga a ce ya kasa ba, don uban ya riga ya faɗa masa cewa karatu ba zai kai shi ko'ina ba. Ya duƙufa, ba hutu, ba barcin kirki. Da damina ta yi nisa ya fara ce mini tsakiyar kansa na zafi kamar an ɗora garwashi, kuma wani abu na tafiya a ƙarƙashin fatar kan. Daga baya ya ce ƙarar na'urar da muke koyo da ita ba ta barin kunnensa ko mun tashi aji. Na ce masa gajiya ce, ya yi sallarsa ni ma zan sa shi a addu'a. Ya roƙe ni kada in gaya wa malamai, don kada a kore shi, ni ma tsoron da nake ji ke nan. Na yi shiru, ina kallonsa yana ramewa, yana dariya inda babu abin dariya.

Wata ranar Talata da hantsi muna cikin aji sai ya miƙe, ya ce shanun ubansa ne ke kuka a cikin wayar, ƙishi suke ji. Ya fita babu ko takalmi. Kafin in sami izinin bin sa ya ɓace cikin taro. Na yini ina yawo ina tambaya da Turancin da ba a gane wa, sai washegari wani mahauci ɗan Arewa ya ba ni labari. Ashe zangon da ake sauke shanun jirgi ya tafi, ya rungume wuyan wata farar saniya da za a kai mayanka, yana kiranta da suna, ya hana a ja ta. Aka zaci ɓarawo ne, aka yi masa duka, 'yan sanda suka tafi da shi, daga can aka wuce da shi gidan masu taɓin hankali.

A ƙofar gidan nan na san cewa ni ba kowa ba ne. Na ce wa akawun gidan yaron nan ɗan'uwana ne, a ba ni shi in kai shi gida. Ya tambayi sunana, ya tambayi nasa, ya ɗago ya dube ni ya ce ta yaya mai wannan suna zai zama ɗan'uwan mai wancan. Ya ce sai uba ko wa na jini. Na koma wurin shugaban makarantarmu, ya ce abin ya fita hannunsa. Na je wurin sarkin Hausawan unguwa, ya ce ba su san asalin yaron ba. Na je wurin wani fasto, ya yi mini addu'a ya sallame ni. Ranar Lahadi kaɗai ake barina in gan shi ta bayan ƙarfe, an aske masa kai, an sa masa wata riga kamar buhu. Turancin ya gudu daga bakinsa, Hausar ma haka, Fillanci kawai ya rage. Masu tsaron suka ɗauka surutun hauka ne. Ni kuwa ina ji, cewa yake a ba shi ruwa ya yi alwala, a nuna masa gabas, a buɗe masa ya je ya kwance maruƙa. Na fassara musu, wani ya ce in na ci gaba da jin maganar mahaukaci ni ma za a nema mini gado.

Na buga waya gida, amma wa za a kai wa? Da damina rugar ta tashi, ba mai sanin inda ta nufa. Mai bisharar garinmu ya karanta wa mahaifina saƙon, shi kuma ya bar gonarsa ana tsakiyar noma, ya bi daji ruga ruga yana cigiya, har ya same su can wajen Jere. Kafin tsofaffin biyu su iso Ikko, wata ya mutu wani ya kama. Na tarye su a tasha, ɗaya da sandarsa da malfa, ɗaya da tsohon kwat ɗin zuwa majami'a, suna riƙe da hannun juna kamar yara don tsoron motoci. Uban ya dangwala yatsa a takarda, aka fito masa da ɗansa. Yaron ya dube shi ya sunkuyar da kai ya gaishe shi kamar baƙo. Na durƙusa ina kuka, na roƙi uban ya yafe mini, zan bar karatun in bi su. Ya ɗaga ni ya ce, “A'a ɗana, kai ka zauna ka gama. Kada garin nan ya cinye mana ku duka biyu.” Har ya bar duniya bai taɓa tambayata yadda aka yi ba.

Na gama, na yi aiki har na yi ritaya. Abokina ya rayu shekaru masu yawa a ruga, ba ya faɗa, ba ya ɓarna, maruƙa kawai yake kiwo. Duk hutu nakan je in same shi a gindin ɗorawa. Yakan karɓe ni da fara'a, ya sa a kawo mini nono, in ya ji daga birni nake sai ya matso ya tambaye ni ko na san wani abokinsa, ɗan manomi, da suka tafi Ikko tare. Ya ce ya baro shi can shi kaɗai ba shi da kowa, abin yana damunsa. Na sha ce masa ai ni ne, sai ya yi murmushi ya girgiza kai. Daga baya na daina, sai in ce masa na gan shi, yana lafiya, yana gaishe shi.

Abin da na koya shi ne ciwon ƙwaƙwalwa irin wannan ba ya faɗowa rana ɗaya, yana sallama kafin ya shigo, kuma ɓoye shi ba taimako ba ne. Ɗalibai, in kun ga na kusa da ku ya daina ci, ya daina barci, maganarsa ta fara sauyawa, ku faɗa wa manya tun yana gane ku, ko da zai yi fushi. Iyaye kuma, kada ku tura yaro babban birni ku damƙa shi a hannun yaro ɗan'uwansa, ku nemi babban da hukuma za ta saurare shi. Kuma kada ku ce wa ɗanku in ya kasa kada ya dawo. Ku gaya masa ƙofar gida a buɗe take, ko da takarda ko babu.